Fasinjan da Baba Ya Bari

Ranar da abin ya fara, babu wanda ya ga alamar komai. Hadari ya haɗo ta gabas tun la'asar, ya tsaya cak, bai zubar ba bai watse ba, har garin ya yi luf, ko ganyen mangwaron tsakar gida ba ya motsi. Jiniyar masaƙa ta busa, ma'aikatan unguwar Makera suka fara dawowa a gajiye. A gidan Isiyaku, matarsa Binta tana tuƙa tuwo, rediyo a kan taga yana ta maganar da aka wuni ana yi, wai sojoji za su koma bariki su bar wa farar hula mulki.

Shi Isiyaku yana inda ya saba zama a irin wannan lokaci, a tsugune gaban mashin ɗin mahaifinsa.

Tsohon mashin ne baƙi, mai dogon tanki da farin ƙarfe a gefe, irin wanda aka daina shigowa da shi tun Isiyaku yana yaro. Da shi marigayi ya yi ta zuwa masaƙa har ƙarfinsa ya ƙare. Wata rana da yamma ya dawo, ya kafe shi a ƙofar ɗaki, ya ce kansa yana sarawa, ya kwanta, bai sake tashi ba. Aka tura mashin ɗin ƙarƙashin rumfa aka rufa masa tamfol, shekaru suka bi ta kansa. Sai a bana Isiyaku ya yaye tamfol ɗin, ya kira Sylvanus bakanike daga Unguwar Boro. Sylvanus ya wanke tanki, ya canza fulogi, ya buga kik, injin ya yi tari ya tashi.

"Oga Isiyaku, hanya biyu ce," in ji Sylvanus ranar, yana goge hannu da tsumma. "Ko dai mu mayar da shi yadda ya fito daga kamfani, sai dai ka yi haƙuri, don kayansa sai an tona kasuwar Panteka. Ko kuma mu yanke bayan, mu sa dogon sirdi da kariyar ɗaukar kaya, mu canza salansa, ya zama mashin ɗin aiki. Ka zaɓi ɗaya ka gaya mini."

Isiyaku bai zaɓa ba. Ƙanensa Kabiru, wanda masaƙa ta sallama ba da daɗewa ba, kullum sai ya zo da magana ɗaya. Gari zai buɗe, 'yan siyasa na yawo, kowa na neman mai kai shi, ga mashin a zaune, ga shi ba shi da abin yi. A gyara shi ya yi acaɓa. Idan Kabiru yana magana sai Isiyaku ya ga gaskiyarsa. Idan Kabiru ya tafi, Isiyaku ya dubi sirdin da jikin mahaifinsu ya lotsa, sai ya ji kamar wuƙa za a sa wa tsohon. Don haka kowace yamma sai ya goge mashin ɗin, ya hau, ya tayar, ya murza totur na ɗan lokaci yana sauraron ƙarar, sannan ya kashe. Ko zaure bai taɓa fitar da shi ba.

A wannan yammar ma haka ya yi. Yana cikin murza totur sai 'yarsa Bilkisu, wadda ke aji uku a sakandare, ta fito da tsintsiya a hannu, ta yi tsalle ta ɗare bayansa tana dariya.

"Baba, yau dai ka kai ni ko bakin titi ne."

"Sauka, magariba ta yi," in ji Binta daga madafa.

Isiyaku ya kashe injin. Shirun da ya biyo baya ya fi na kullum nauyi. Sai ga dutse ya faɗo a kan rufin kwano, ya gangaro a hankali, ya faɗi a gaban tayar gaba. Isiyaku ya ɗauka. Farin dutse ne mai santsi, a jiƙe, alhali ko ɗigon ruwa bai sauka ba.

Ya fita waje yana faɗan yaran unguwa, ya tarar lungu wayam, kowa ya tafi masallaci. Da ya dawo, Bilkisu tana nan a kan sirdin, ta riƙe ƙarfen baya da hannu biyu, tana kallon ƙofa. Sai da ya kira sunanta har ya ɗaga murya kafin ta waiwayo.

Daga ranar, magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da zarar ladan ya ɗaga murya sai jifa ta fara, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, duwatsun duk farare, duk a jiƙe, suna ƙarnin laka. Ba su taɓa samun kowa ba. Maƙwabciyarsu Juliana, wadda katanga kawai ta raba su, ta rantse ko tsakuwa ba ta faɗa a nata rufin ba, amma tana jin nasu, har ta kan tara 'ya'yanta a ɗaki su yi addu'a. Wata rana Binta tana sallah ta ji an buga kik a rumfa, an sake bugawa, alhali Isiyaku yana masallaci kuma makulli yana aljihunsa. Wata rana kuma suka ji wani tsoho yana gyaran murya a bayan randa.

Bilkisu ta daina cin abinci. Ta daina zuwa makaranta. Yarinyar da ba ta iya zama wuri ɗaya don surutu, sai ta koma zagaye tsakar gida, daga rumfa zuwa zaure, daga zaure zuwa rumfa, tana jan ƙafar hagu kamar wadda ta taɓa karyewa. Idan aka kamo ta aka zaunar, sai ta yi ta karkaɗa gwiwa. Gashinta da tufafinta warin fetur suke yi ko yanzu aka yi mata wanka. Babu wanda yake samun natsuwa a gidan. Binta ta rame, Isiyaku ya fara ɓata zare a wurin aiki.

Ana cikin haka Kabiru ya yi abin da ya hura wutar. Wata rana Isiyaku ya dawo daga masaƙa ya tarar an kwance tsohon sirdi an jingine a bango, an ɗora wani dogo ja mai ƙyalli. Kabiru ya ce gwadawa kawai ya yi, don Yaya ya ga yadda zai yi kyau. A yammar nan ne Bilkisu ta faɗi a tsakar gida ta sandare, idanunta suka juye, wata irin murya ta fito daga maƙogwaronta wadda ba tata ba.

Isiyaku ya sami wanda zai ɗora wa laifi. Ya ce tun da Kabiru ya fara sa wa mashin ɗin ido aka rasa zaman lafiya, ya ce kwaɗayinsa ne ya taɓa abin da ba a taɓawa. A gaban kowa ya gaya masa maganganun da ɗan'uwa ba ya gaya wa ɗan'uwa.

"Yaya, ni ma ubana ne," in ji Kabiru.

"Fita. Kada ka sake tako mini gida."

Kabiru ya fita. Isiyaku ya mayar da tsohon sirdi da hannunsa, ya ɗaure kowane noti, ya goge mashin ɗin har yana ɗaukar ido. Sannan ya hau ya tayar, kamar mai ba da haƙuri, ya kashe. Yana sauka jifa ta ɓarke irin wadda ba a taɓa yi ba, kamar ana juye tifa a kan rufin, Bilkisu kuma tana ihu daga ɗaki da muryar tsoho: "Har yaushe? Har yaushe?"

Da gari ya waye Binta ta yafa mayafi ba ta nemi shawarar kowa ba, ta haye gada zuwa Tudun Wada, ta nemo Malam Tagwai, wani dattijo masanin Alƙur'ani da aka sani da yi wa masu irin wannan lalura karatu. A hanya ta biya ta inda Kabiru ke kwana, ta ce masa ko Yayansa ya so ko ya ƙi, yarinyar nan 'yarsa ce, ya zo.

Malam ya iso bayan la'asar. Siririn mutum ne mai ƙaramar murya, ba ya ɗauke da komai sai carbi da gorar ruwa. Ya tsaya a tsakar gida ya daɗe yana kallon tulin duwatsun da aka share gefe guda. Ya ɗauki ɗaya ya shinshina.

"Na kogi ne," ya ce.

Ya sa aka shimfiɗa tabarma kusa da rumfa, aka fito da Bilkisu aka lulluɓe ta, Binta ta riƙe kanta, Isiyaku da Kabiru suka riƙe ƙafafu, ba wanda ya kalli wani. Malam ya fara karatu a hankali. Ya yi Fatiha, ya shiga Baƙara, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Rana tana ta yin ƙasa, inuwar mangwaro ta miƙe har ta rufe su. Da ya kai Ayatul Kursiyyu sai jikin yarinyar ya ɗauki ɓari, ta banƙare har maza biyu suka kusa kasa danne ta. Sannan ta lafa. Ta buɗe ido, idon ya sauka a kan Malam, amma ba Bilkisu ce ke kallo ba.

"Ya isa, kana ƙona ni," in ji muryar. Murya ce ta tsoho tukuf, mai kaushi, mai gajiya.

"Wane ne kai?"

"Sunana ba zai amfane ka ba. Uban waɗannan biyun, Fasinja yake ce mini."

Malam ya ce, "Me ya kawo ka gidan mutane?"

"Kawo ni aka yi. Gidana yana bakin kogi, ƙasan gada. Ni gurgu ne. Wata shekara ubansu ya gan ni a bakin hanya da magariba, ya tsaya. Mutane ba sa ganina, shi ya gani, kuma bai gudu ba. Ya ce hau. Tun daga ranar, idan zai wuce sai ya rage wuta, in hau, ya zaga da ni, ya mayar da ni. Bai taɓa roƙona komai ba, ban taɓa cutar da shi ba. Ranar ƙarshe ya ce kansa na ciwo, bari ya biya gida ya sha magani sannan ya kai ni. Ya shiga ɗaki. Ina nan ina jira."

Binta ta fara salati ƙasa-ƙasa. Isiyaku ya ce, "Malam, ka gaya masa an mayar da sirdin. Ƙanena ne ya cire, na mayar, ba za a sake taɓawa ba."

Bakin Bilkisu ya buɗe da wata busasshiyar dariya.

"Sirdi? Ina ruwana da sirdi? Ku sa ja, ku sa kore, ku sa buhu. Da aka rufe ni da tamfol na haƙura, na yi barcina. Kai ne ka tashe ni. Kullum ka tayar da injin, in rarrafo in hau, in ce yau za ni gida. Sai ka kashe. Gobe ka tayar, in hau, ka kashe. Ko jaki aka yi wa haka zai yi harbi. Rannan kuma 'yarka ta zo ta zauna a kaina. Na ce to, tunda mashin ba ya tafiya, ga mai ƙafa."

Isiyaku bai iya ɗaga kai ba. Yana jin numfashin Kabiru a gefensa.

"Ka faɗi uzurinka, mun ji," in ji Malam. "Amma yarinya ba ta yi maka komai da gangan ba, kuma zalunci haram ne a kanku kamar yadda yake haram a kanmu. Ka fita."

"Zan fita a bakin kogi. A ɗora ta a mashin a kai mu tare, in na ga ruwa sai in sake ta."

"Ba za ta taka ko zaure ba."

"To a yanka mini baƙin bunsuru a zuba jinin a kan tanki."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah. Ko kaza ba za ka samu ba." Malam ya ɗauki gorar ruwa ya ci gaba da karatu, ya yayyafa. Yarinyar ta ƙwalla ƙara, dutse ɗaya ya faɗo a kan rufi.

"Tsaya! To a bar mini mashin ɗin. A kai shi kogi a tura a ruwa, ya zama nawa."

"A ba shi!" in ji Kabiru, hawaye na zuba a fuskarsa. "Wallahi na yafe rabona, a ba shi ya sake ta!"

Isiyaku ya buɗe baki zai ce haka, sai ya ji maganar ta tsaya masa a wuya na ɗan lokaci, kuma duk wanda ke wurin ya ga tsayawar. Binta ta dube shi, kallon da bai manta da shi ba har ya tsufa. Ya ce, "A ba shi."

"Ba za a ba shi ba," in ji Malam. "Wanda aka saya da kyauta gobe zai dawo neman ƙari. Saurara, Fasinja. Ba mu biyanka komai. Amma baƙon da ya daɗe, ana raka shi. Za ka fita daga jikinta yanzu, a nan, ka yi alkawari da sunan wanda ya halicce ka ba za ka dawo gidan nan ba. In ka fita, ɗan mutumin da ya ɗauko ka zai sauke nauyin ubansa, ya kai ka. In ka ƙi, ni ba na gajiya da karatu, kai ka san wanda zai fara gajiya."

Daga nesa ladan ya fara gyara lasifika.

"Ba zai kashe injin ba?" in ji muryar.

"Ba zai kashe ba."

"Na yi alkawari da wanda ya halicce ni daga wuta."

Ƙafar hagun Bilkisu ta miƙe, babban yatsan ya yi ta karkarwa, sannan ya saki. Ta yi atishawa, jikinta ya yi laushi a hannun uwarta. A ƙarƙashin rumfa, ba kowa kusa, suka ji mashin ɗin ya yi ƙara ƙiiƙ, bayansa ya ɗan zauna.

"Tashi," Malam ya ce wa Isiyaku. "Ka yi bisimilla. Duk abin da ka ji, kada ka amsa. Kada ka tsaya sai bakin ruwa."

Kabiru ne ya buɗe masa ƙyauren zaure. Isiyaku ya buga kik, ya sa giya, mashin ɗin ya fita lungu a karon farko tun rasuwar mai shi. Nauyi ne a bayansa sosai, irin na babban mutum, har kan mashin yana neman ɗagawa. Ya bi ta gaban masaƙa, ya wuce katangun da aka lulluɓe da hotunan 'yan takara, ya wuce layin motocin da ke jiran fetur. Mutane na alwala a bakin shaguna, wasu tsofaffi suka bi mashin ɗin da kallo. Wani sanyi yana taɓa masa ƙeya kamar numfashi. Da ya nufi wani rami, sai ya ji an ce a kunnensa, da muryar mahaifinsa sak, "Isiyaku, bi ta dama." Hawaye suka cika masa ido, harshensa ya motsa zai ce na'am, ya cije shi har ya ji gishirin jini, ya ci gaba da karanta abin da ya iya.

Kafin gada ya saki titi ya gangara ta wata 'yar hanya da masu ɗiban yashi ke bi. Kogin ya fara cika, ruwan jajawur, yana tafiya ba ƙara. Ya taka birki a inda yashi ya fara laushi, bai kashe injin ba. Ya ji bayan mashin ya ɗago a hankali. Ciyawar gabansa ta kwanta, ta tashi, ta gaba ta kwanta, ta tashi, a jere har bakin ruwa, kamar mai jan ƙafa yana wucewa. Ruwan ya ɗan motsa. Shi ke nan.

Sai injin ya mutu don kansa. Ya buga kik har gumi ya jiƙa masa riga, ko tari bai yi ba. Ya yi sallar magariba a kan yashi, sannan ya kama kan mashin ya fara turawa.

A hawan gangaren ne ya ji an kama kariyar baya ana taya shi. Ya waiwaya a firgice, sai ya ga Kabiru, yana haki, ƙafa ba takalmi. Da gudu ya biyo shi tun daga gida.

"Ta tashi," in ji Kabiru. "Ta sha kunu. Tana tambayar wa ya yage mata ɗankwali."

Isiyaku ya jingina da mashin ɗin ya yi kuka kamar yaro. Da ya natsu suka ci gaba da turawa, ɗaya a gaba ɗaya a baya, motoci na wuce su da fitilu.

"Yaya, na fasa," in ji Kabiru can. "A bar shi yadda Baba ya bari."

"Ni ne ya kamata in ba ka haƙuri, kuma zan ba ka a gaban Binta da Malam, tunda a gaban mutane na ci mutuncinka." Isiyaku ya ƙara danna kan mashin gaba. "Gobe ka kai wa Sylvanus. Ya sa dogon sirdin, ya sa kariya, ya yi duk abin da aiki ke so. Launin kawai za a bari."

"Kai fa?"

"Ni na hau rabona yau."

Suka iso lungu ana kiran isha. Binta tana tsaye a ƙofar zaure da fitilar ƙwai a hannu. Ta haska fuskar mijinta, ta haska ta ƙanensa, sannan ta haska mashin ɗin, ta daɗe a kan sirdin baya.

"Ku ku shigo, tuwo na nan," ta ce. "Shi kuwa a waje zai kwana."